Amsar tambayar manhajar da ta fara nauyi

Assalamu alaikum jama'a. To, ɗan'uwa, na saurari saƙonka. Ka ce masu amfani da manhajarku sun ƙaru, ta fara nauyi, wai ko ku farfasa ta zuwa maikrosabis, wato ƙananan manhajoji masu zaman kansu, ku hau Kubernetes, tsarin da ke sarrafa su a kan injuna da yawa. Tsaya tukuna. Ina ne take shaƙewa? Kun auna? Don wallahi galibi saba, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kai, ba ta da laifi, rumbun bayanai ne.

Ka je ka buɗe rajistar tambayoyin da manhajar ke aika wa rumbun waɗanda ke jinkiri, rumbuna irin su PostgreSQL da MySQL duk suna da ita. Sau tari za ka tarar tebur ɗaya ne ba shi da indes, wato jadawalin da ke nuna wa rumbun inda abu yake, duk wanda ya shigo sai an karanta layukan nan kaf daga sama har ƙasa. Ka sa indes, magana ta ƙare. Abin da ake yawan nema kuma bai cika canzawa ba, ajiye shi a Redis, ma'ajiya ce mai saurin ba da amsa. Hotuna su koma CDN, wato sabobin da ke kai wa mutum fayil daga wuri mafi kusa da shi. Tura imel ya shiga layi a yi shi daga baya, kada bawan Allah ya zauna yana kallon abu na ta juyawa a wayarsa.

Daga nan ka ƙara wa injin sabar RAM da CPU, wato ƙwaƙwalwa da ƙarfin aiki. Mutane na raina wannan, ban san dalili ba. Sai ya ƙi ɗauka sannan ka jera saba biyu ko uku, manhajar Nginx a gaba tana raba musu aiki. Amma fa kada ka bar bayanin shigar mutum a ƙwaƙwalwar saba ɗaya, don buƙatarsa ta gaba za ta iya faɗawa kan wata sabar, a ce ya sake sa kalmar sirri.

Wannan WhatsApp ɗin da muke ciki fa, tun 2012 suka nuna saba guda na riƙe haɗi sama da miliyan 2, da harshen rubuta manhaja na Erlang. Lokacin da Facebook ta saye su a 2014, masu amfani sun kai miliyan 450, injiniyoyi kuwa ba su kai hamsin ba. Ba wai ina cewa ka koyi Erlang ba, a'a, su sun zauna ne sun san inda injinsu ke wahala.

Ni abin da har yau ke min ciwo, wani wuri da na yi aiki, na ce a duba rumbun, aka ce ni ɗan gargajiya ne. Aka yayyanka manhajar gunduwa-gunduwa, kowane yanki kuma yana komawa kan rumbun nan guda ɗaya! Ga nauyin yana nan, ga shi in abu ya lalace ba wanda ya san ta ina zai fara nema. Wanda ya kawo shawarar ma ya bar aikin ya bar mu da shi. Kai, bar zancen.

Au, na manta, idan karatu ya fi rubutu yawa, ka yi wa rumbun kwafi na karatu kawai, sai dai kwafin kan ɗan makara. Raba rumbun gida-gida kuwa, ba ku kai can ba. Turo min tambayoyi biyar da suka fi jinkiri mu gani.