Me ya hana Hamlet kashe baffansa tun farko?

Kana tambaya ko tsoro ne ya hana Hamlet, yariman Danmak a wasan kwaikwayon Shakespeare, marubucin Ingila, ɗaukar fansar mahaifinsa a kan baffansa Claudius. Ba tsoro ba ne, malam, hujja yake nema. Fatalwa ce ta faɗa masa Claudius ne ya kashe uban ta hanyar zuba masa guba a kunne, shi kuwa yana gudun kada shaiɗan ne ya zo masa a siffar uban. Sai ya sa 'yan wasa suka kwaikwayi kisan a gaban Claudius, wanda ya gaje sarautar, sarki kuwa ya kasa zama ya ga ƙarshensa.

Inda nake nuna wa ɗalibaina aibin Hamlet shi ne kashi na 3, fitowa ta 3. Ya tarar da Claudius a durƙushe yana addu'a, ya zare takobi, ya fasa, wai kada ya aika shi aljanna. Kashe shi kawai bai ishe shi ba, wuta yake so masa, alhali mutumin ko tuban bai iya yi ba. Jim kaɗan ya soke Polonius, mashawarcin sarki, ta bayan labule bai duba ko wane ne ba. Daga nan Ophelia, ɗiyar Polonius, ta zautu, ɗan'uwanta Laertes ya taso neman tasa fansar.