Na Karanta Girkanci da Latin: Ina Guraben Koyarwa a Jami'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne haifaffen Nima a nan Accra. Na yi makarantar allo da ta ilimi tun ina ƙarami, har ina iya karanta littafin Larabci marar wasali. Daga baya na shiga jami'a na karanta Girkanci da Latin da tarihin daulolin Girkawa da Rumawa, na yi bautar ƙasa, kuma na kammala digiri na biyu. Burina in zama malamin jami'a, amma wata takwas ke nan ina bin jaridu da intanet ban ga gurbi ko ɗaya a fannina ba. Mahaifina ya ce in haƙura in koma shagon kawuna a kasuwar Kantamanto. Shin guraben nan suna nan kuwa, kuma me ake nema daga mai son shiga?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Zan fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba, domin gara ka ji shi tun da sauran lokaci: wata takwas ba tare da ganin talla ba, ba abin mamaki ba ne a wannan fanni, kuma ba alama ce ta cewa wani ya ɓoye maka wani abu ba. A Ghana wurare biyu ne suka ware wa wannan ilimi sashe, wato Jami'ar Ghana da ke Legon da Jami'ar Cape Coast, kuma a duka biyun an haɗa shi da falsafa a sashe guda. A Najeriya, duk da girmanta, Jami'ar Ibadan ce ta riƙe fannin tun kafuwarta a 1948. Sassan nan ƙanana ne, malamansu ba su da yawa, saboda haka gurbi ba ya buɗewa sai wani ya yi ritaya, ko ya tafi wata ƙasa, ko Allah ya yi masa rasuwa. Ko da gurbin ya buɗe, jami'ar gwamnati ba ta sa sabon malami cikin jerin masu albashi sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izini, kuma idan izinin ya zo da 'yan gurabe kaɗan, sassan da ɗalibai suka fi cika su ne ke fara ɗiba.

Kada wannan ya sa ka ɗauka fannin baƙo ne a ƙasar nan. Farfesa Alexander Kwapong, ɗan Ghana na farko da ya shugabanci jami'ar Legon a 1966, malamin Girkanci da Latin da tsohon tarihi ne, kuma tun kafin shi kwalejin Fourah Bay ta Saliyo ta daɗe tana koyar da harsunan biyu ga 'yan Afirka ta Yamma.

Sai batun takarda. Digiri na biyu da ke hannunka zai iya kai ka matakin mataimakin lakcara idan sashe yana da bukata, amma cikakken matsayin lakcara a manyan jami'o'inmu yanzu sai da digirin digirgir, daga nan kuma hawa zuwa babban lakcara da farfesa ya dogara ne kan abin da mutum ya wallafa a mujallun ilimi. Don haka a ganina ba gurbin aiki ya kamata ka sa a gaba a bana ba, gurbin digiri na uku mai tallafi ya kamata ka nema. Bayan Legon da Ibadan, ka duba Afirka ta Kudu, inda jami'o'i kamar Cape Town da Stellenbosch da KwaZulu-Natal suke koyar da fannin, da kuma Jami'ar Alƙahira mai sashen Girkanci da Latin. Ka kuma fara koyon karanta Jamusanci da Faransanci tun yanzu, domin babban kaso na binciken fannin da su aka rubuta shi.

A Turai da Amurka guraben sun fi namu yawa, amma masu nema sun ninka su. A Ingila yawancin tallace-tallacen suna fitowa a shafin jobs.ac.uk. A Amurka kuwa ƙungiyar masana fannin, Society for Classical Studies, wadda aka kafa a 1869, ita ce ke tattara su. Sukan fara fitowa daga wajejen watan Satumba, ana tace masu nema a cikin hunturu, sannan a gayyaci mutum biyu ko uku su zo su yi lacca a gaban sashe. Akan nemi wasiƙar neman aiki, da takardar tarihin karatu, da wani babi na bincikenka, da wasiƙun shaida daga malamai uku. Da yawa daga guraben na shekara ɗaya ne ko biyu, mutum ya gama ya sake ɗaura ɗamarar nema a wani gari, kuma ko a can ana rufe sassa: Jami'ar Howard ta birnin Washington, mai dogon tarihin ilimantar da baƙar fata, ta rushe nata sashen a 2021.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka, wanda kai ka ambata a taƙaice kamar ba komai ba. Larabcin da ka koya a zaure shi ne babban jarinka. Masu Girkanci da Latin suna da yawa a duniya, masu Larabci ma haka, amma wanda ya haɗa ukun ƙalilan ne, alhali akwai reshe guda na wannan ilimi da ba ya yiwuwa sai da su. A zamanin Abbasiyawa a Bagadaza, mafassara irin su Hunainu ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a shekara ta 873, sun juya littattafan likitanci na Jalinusu, likitan nan Bagirke, zuwa Larabci, wasu kuma suka fassara Aristo da masana lissafi. Wasu daga cikin waɗannan littattafai asalinsu na Girkanci ya ɓace, fassarar Larabci kaɗai ta tsira. Kashi na 5 zuwa na 7 na littafin lissafin Apollonius misali ne sananne. Haka nan tarihin Afirka ta Arewa a ƙarƙashin Rumawa fili ne mai faɗi, tun daga rushe birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, a shekara ta 146 kafin haihuwar Annabi Isa, zuwa sarki Septimius Severus, haifaffen Libiya ta yau, wanda ya mulki Rum daga 193 zuwa 211, har zuwa Garamantawa, mutanen dā na yankin Fezzan a kudancin Libiya, da hanyoyinsu na cikin Sahara. Idan ka gina bincikenka a ɗaya daga waɗannan, kwamitin da zai karanta takardunka zai ga abin da bai saba gani ba, sannan ƙofar sashen tarihi da ta sashen addinai da ta falsafa za su buɗe maka tare da ta sashenka.

Game da Baba, kada ka yi jayayya da shi, domin damuwarsa tana kan hanya. Ka zauna da shi ka nemi wa'adin shekara biyu, ka riƙa taimaka wa kawu a shago ko ka koyar da tarihi a sakandare, kana aika takardun neman tallafi, kana kuma gyara babi ɗaya na kundin digirinka don wallafawa. Ka riƙa leƙa malamanka na sashe, domin aikin koyarwa na wucin gadi yakan fara ne daga wanda suke gani a kusa.

TAMBAYA: Malam, 'yata tana son ta kware a tarihin daulolin Ghana da Mali da Songhai. Shin tallan da ke cewa "tsohon tarihi" ya shafe ta? Daga wata uwa a unguwar Madina ta Accra.

AMSA: Hajiya, galibi bai shafe ta ba. A bakin jami'o'in Turai da Amurka wannan suna yana nufin Girka da Rum, wani lokaci har da Masar da Gabas ta Tsakiya ta dā. Wurin 'yarki shi ne sashen tarihi, ko sashen binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa da ke Legon, wanda ya yi aiki a wurare kamar tsohon garin kasuwanci na Begho, ko Cibiyar Nazarin Afirka da Kwame Nkrumah ya buɗe a 1963. A cibiyar akwai tarin rubuce-rubucen Larabci da na ajami na malaman ƙasar nan, ciki har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi, Bakanon da ya rasu a 1934, don haka idan tana karanta Larabci da ajami, ta faɗi haka a sarari a cikin takardar neman gurbinta.