Tambaya da Amsa: Chrome ɗina ya daina jin magana, sai talla kawai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min. Laftof ɗaya gare mu a gida, ni da yara muke amfani da ita, Windows 10 ce a kai. Kwanan nan in na buɗe Chrome sai wani shafi daban ya fito ba Google ba, in na rubuta abin da nake nema sai ya kai ni wani wuri mai cike da talla, ga wasu saƙonni suna ta faɗowa ta ƙasan dama wai McAfee, manhajar kariya daga bairos, ya gano bairos, alhali ni ban taɓa sa McAfee ba. Wani lokacin har da hotunan banza, ga yara a kusa. Mai gyara ya ce sai an yi fomatin, kuma takardun makarantarmu da hotunan iyali duk suna ciki. Shin babu wata hanya? Daga wata malamar makaranta a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya sawwaƙe. Kar ki yarda a yi fomatin tukuna, abin da kika faɗa ya fi kama da an kwace burauza ne, wato Chrome ɗin da kike shiga intanet da shi, kuma sau da yawa mutum na iya gyarawa da kansa.

Mu fara da saƙon McAfee ɗin. Tun da ba ki sa shi ba to ba shi ba ne yake magana, wani shafi ne ya nemi izinin turo sanarwa, wani a gidan ya danna Allow, watakila wajen sauke fim ko kallon ƙwallo, shi ke nan suka samu ƙofa. Kar ki danna saƙon, kuma in sun sa lambar waya kar ki kira, 'yan damfara ne. Ki shiga Settings na Chrome, sai Privacy and security, sai Site settings, sai Notifications, duk shafin da ba ki sani ba a cikin waɗanda aka ba izini ki cire shi. Yawanci nan take hotunan banzan nan suke tsayawa.

Shi kuma canza miki Google da aka yi, galibi aikin wani ɗan ƙarin manhaja ne da ya maƙale a jikin Chrome. Ki rubuta chrome://extensions a wajen adireshi, za ki ga duk abin da ke maƙale, wanda ba ke kika sa da hannunki ba ki goge, ko da sunansa ya yi kama da na kirki, wai mai canza PDF ko mai duba yanayi. Daga nan ki koma Settings ki nemi Reset settings ki mayar da komai yadda ya zo. Wannan ba ya goge fasiwod ɗin da kika ajiye ko shafukan da kika yi wa alama.

To in kin yi duk wannan kuma kika kashe laftof ɗin kika kunna abin ya dawo, a nan ne za mu ce akwai abu a cikin kwamfutar kanta. Ki buɗe menu ɗin Chrome ki duba can ƙasa, in kin ga an rubuta Managed by your organization a laftof ɗin gida wadda ba ta ofis ba, to akwai yiwuwar wata manhaja ce ta ɗaure shi don kar ki iya cire ta. Ki je Settings na Windows, Apps, ki jera su bisa ranar da aka sa su, ki duba me ya shigo a kwanakin da matsalar ta fara ki cire. Sai ki sauke AdwCleaner, manhajar da ke share irin waɗannan manhajojin talla, kyauta ne, amma daga malwarebytes.com kaɗai, ki rubuta adireshin da hannu tun da binciken naki an karkatar da shi. Bayan ya gama ki buɗe Windows Security, Virus & threat protection, Scan options, ki zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Zai kashe kwamfutar ya yi bincike kafin Windows ta tashi, lokacin da mugun abin bai samu damar ɓuya ba, kamar minti 15 yake ɗauka, ki tabbatar akwai caji ko wuta.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba tallan ba ne, fasiwod ɗinki ne. In har abin ya shigo ta manhajar sata, irin Office ko wasannin da ake fasawa ana rabawa kyauta, to irinsu sukan zo da ɓarawon da ke kwashe fasiwod ɗin da ke ajiye a burauza, daga nan sai ki ji an kwace Facebook ɗin mutum ana roƙon kuɗi da sunansa. Don haka yau ɗin nan ki canza na Gmail da Facebook da na banki in kina shiga ta laftof ɗin, amma ta wayarki za ki canza, kuma ki kunna tantancewa ta mataki biyu, wato bayan fasiwod sai an ƙara da wata shaida, kamar lambar da ake turowa wayarki. Su kuma yaran ki buɗe musu nasu asusun daban a Windows wanda ba ya iya sa yawancin manhajoji sai da izininki.

In duk ya ƙi, to maganar mai gyara ta tabbata, amma ki fara kwafe takardu da hotuna a wani wuri, ban da duk fayil mai ƙarewa da .exe, kuma ki ce masa kar ya loda miki manhajojin sata bayan ya gama, don nan ne ake komawa gidan jiya. Ki kuma tambaye shi ko laftof ɗin za ta ɗauki Windows 11, domin Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025.

TAMBAYA: Malam na kai filashi na kafe an yi min firintin, da na dawo duk fayilolina sun koma shotkot. Sun tafi ke nan? Daga wani ɗalibi a Katsina.

AMSA: Ba su tafi ba ɗan'uwa, ɓoye su aka yi, kuma kar ka danna shotkot ɗin ko ɗaya don dannawar ce ke shigar da bairos ɗin cikin kwamfutarka. Ka sa Windows Security ya binciki filashin, sannan ka buɗe Command Prompt, wurin rubuta wa Windows umarni, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka danna Enter, ka canza E ɗin da harafin da filashinka ya nuna. Fayilolin za su bayyana, wani lokacin a cikin wata folda marar suna. Ka kwashe su, ka yi wa filashin fomatin, kuma nan gaba ka tura musu takardar ta imel ko WhatsApp su buga daga can.