Amsa kan matan da Ingila ta kai zaman hukunci Ostareliya

'Yar'uwa, tambayarki ta taɓa ni. Kin ce kina rubutu a kan matan da Ingila ta kwasa zuwa Ostareliya zaman hukunci, amma duk takardar da kika buɗe sai ki tarar ana ce musu karuwai, har jikinki ya yi sanyi. Duk mai bin tarihin nan ya san wannan ciwon. Kada ki karaya.

Ki fara duba wanda ya riƙe alƙalamin. A 1806 limamin coci Samuel Marsden ya jera matan yankin New South Wales na Ostareliya gida biyu, matan aure da 'yan zaman dadiro, ya zuba fiye da 1,000 a gida na biyu, don auren da ba a cocin Ingila aka ɗaura ba bai ɗauke shi aure ba. Alhali karuwanci ba ya cikin laifukan da ake korar mutum daga ƙasa a kansu. Daga 1788 zuwa 1853 mata kusan 25,000 aka kwashe, yawancinsu a kan sata: tufafi, yadi, agogo, 'yan kuɗi. Hukuncin shekara 7 ne, ko 14, ko rai da rai.

In jirgi ya sauka, ana raba su gidajen mutane aikatau, ba albashi, sai ci da sutura. Maigida ya kai ƙarar ta yi masa tsiwa, ko ta fita ba izini, ko ta sha giya, alƙali ya tura ta gidan horon mata. Na Parramatta, kusa da Sydney, da aka buɗe a 1821 don mata 300 aka gina shi, amma a 1842 sun haura 1,200 a ciki. Aji uku ake kasa su. 'Yan aji na uku su ne da fasa dutse da aikin wahala, kuma su ake yi wa aski. Wannan askin ya fi komai yi musu zafi. A 1827 da aka taɓa musu abinci, ɓalle ƙofa suka yi suka fantsama cikin gari.

Amma abin da har yau ba ya barin zuciyata shi ne gidan horon Cascades a Hobart, babban birnin tsibirin Tasmaniya. Tsohon gidan dafa barasa ne aka mayar gidan horo a 1828, a gindin dutsen Wellington, gefen rafi, wuri mai danshi, ga dogayen katangu, da hunturu rana da ƙyar take leƙa tsakar gidan. Mace ta yi ciki a gidan aikatau, a dawo da ita nan ta haihu. Ta shayar wata shida, daga baya aka ƙara zuwa tara, sai a yaye yaron dole, ita kuma a kai ta ajin masu laifi ta yi wata shida tana horon cikin da ta yi. Wanda ya yi mata cikin fa? Ba mai tambayarsa, ko da maigidan ne. Yaran da aka yaye a cunkushe su ɗaki guda, ba nonon uwa, gudawa ta bi su ɗaya bayan ɗaya, uwayensu na bayan katanga suna wanki. Sai da jaridun Hobart suka yi ca a 1838 aka fitar da ɗakin rainon zuwa cikin gari, mutuwar kuma ba ta tsaya ba. Wanda ya rayu ya kai shekara biyu ko uku a wuce da shi gidan marayu na New Town. Wallahi zalunci ne, hukuma kuma ta sani.

Wajen bincike, kada ki nemi mace da sunanta kaɗai, za ki ɓata. Masu suna Mary da Ann ba iyaka, wasu sunan ƙarya suka bayar, wasu sun koma sunan miji. Ki haɗa suna da jirgin da ya kawo ta da shekarar sauka, don haka magatakarda suke rubuta su. Kundin halayyar mata na Tasmaniya, CON40 da CON41, yana intanet, kowane laifi da hukuncinsa da sunan maigidan. Ki karanta shi a hankali: in kin ga mace ta gudu daga gida ɗaya sau uku, ki tambayi kanki me ke gidan. Shari'un kotun Old Bailey ta Landan ma suna intanet, a nan wani lokaci za ki ji maganar matar da bakinta.

Kuma don Allah kada ki gina rubutunki a kan Mary Reibey, wadda aka kawo a 1792 a kan satar doki ta zama attajira, hotonta yana kan takardar dala 20 ta Ostareliya. Irinta kaɗan ne. Ki ɗauki jirgi ɗaya, ko da Rajah na 1841 ne, ki bi mata biyar daga kotu zuwa takardar sassauci (wadda ke ba mace damar aikin kanta kafin wa'adinta ya cika), da neman izinin aure, da rajistar mutuwar yaransu. Ki nemi littafin likitan jirgin a jerin ADM 101 na ma'ajiyar tarihin Birtaniya da ke Kew a Landan, shi yake rubuta wadda ta hau jirgi da ciki da wadda ta hau da goyo.