An ce mu yafe binciken gida tunda banki zai duba, shin haka ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Manhattan, ni da maigidana mun gaji da zaman haya a Bronx, yara sun tasa muna so su samu makaranta mai kyau. Mun ga gidaje biyu a New Canaan ta jihar Connecticut, ɗaya ginin 1958 ne irin mai gilasai ɗin nan da rufi a shimfiɗe, ɗayan kuma samfurin gargajiya ne na Kolonial mai hawa biyu, ginin wajen 1930 amma an gyara shi fes. Matsalar ita ce duk gidan da muka taya sai wani ya riga mu, shine wani abokin maigida da ya ce ya san harkar ya ba mu shawara mu cire sharaɗin binciken gida daga tayinmu, wato sharaɗin da ke ba mu damar sa ƙwararre ya duba lafiyar ginin kafin ciniki ya tabbata, wai ai banki ma zai turo mutum ya duba kafin ya ba da bashi. Kuɗin nan gumin shekaru ne, wallahi ko barcin kirki ba na yi. Wanne za mu ɗauka, kuma mu cire sharaɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ku cire. Ko da a nan za ki tsaya da karatu to ki kai wa maigida wannan, sauran bayanin duk ƙari ne.

Maganar wanne za ku ɗauka ba zan daɗe a kanta ba, don duk biyun ana zama a cikinsu lafiya idan an san abin da aka saya. New Canaan gari ne da ya yi suna da irin wannan gini na zamanin bayan yaƙin duniya na biyu, tun da masu zanen gine-gine su Philip Johnson da Marcel Breuer da Eliot Noyes da John Johansen da Landis Gores suka tare a can daga ƙarshen shekarun 1940, gidan Johnson ɗin nan na gilashi zalla da ake kira Glass House a 1949 aka gama shi kuma har yau mutane na zuwa kallo. Saboda haka mai gilashin yana da masoyansa, amma fa ba su kai masu neman Kolonial yawa ba, ranar sayarwa Kolonial ya fi saurin shiga, kuma da yawa daga masu gilasan an rushe su saboda filin ya fi ginin daraja a idon magina. Ki kuma tambayi lauya ko akwai wata yarjejeniyar adana tarihi a takardun gidan, don idan akwai ko taga ba za ku canza yadda kuka ga dama ba. Ke da kike aikin dare da na safe kuma ki duba jadawalin jirgin ƙasa na Metro-North da kyau, reshen New Canaan a Stamford yake haɗuwa da babban layi, wasu jiragen sai an sauka an canza, tafiyar zuwa tashar Grand Central da ke Manhattan ta haura awa ɗaya, ban da neman wajen ajiye mota a tasha wanda shi ma wani ciwon kai ne.

To yanzu mu zo kan maganar abokin maigida, wadda ita ce ta sa na ajiye komai na zauna rubutu. Wannan magana ta "ai banki zai duba" na ji ta har kunnena ya gaji, a masallaci, a wajen suna, a guruf ɗin WhatsApp na 'yan gida, kuma kullum da cikakken ƙarfin gwiwa ake faɗinta. Hajiya mutumin da banki ke turowa mai ƙiyasin kuɗi ne, aikinsa ɗaya tak, ya gaya wa banki ko gidan ya kai kuɗin da za su zuba, ta yadda in kun kasa biya za su sayar su fanshe. Zai auna faɗin gida, ya ƙirga ɗakuna da banɗaki, ya ɗau hotuna, ya koma ofis ya kwatanta da gidajen da aka sayar a unguwar kwanan nan, shikenan. Ba ya hawa rufi, ba ya buɗe akwatin wuta, ba ya tona sokawe, ba ya gwada ruwan rijiya. Ku ne za ku biya kuɗin aikinsa amma ba ku yake yi wa aiki ba. Kuma kar wani ya ce miki wai in ta kamfanin bashin Musulunci kuka bi, irin su Guidance Residential masu tsarin haɗin gwiwa, to an duba, su ma ƙiyasin nan dai suke sawa a yi, halaccin kuɗi daban lafiyar gini daban.

Bari in nuna miki abin da mai ƙiyasi zai wuce ta kansa a gidan 1958 ɗin nan bai ko waiwaya ba. Da yawansu bututun ɗumama gida a cikin daɓen siminti aka binne shi, ruwan zafi na zagayawa ƙarƙashin ƙafa, abu mai daɗi a lokacin sanyi, amma bututun tagulla ko ƙarfe da ya haura shekara 60 a cikin siminti yana iya fara yoyo ba wanda ya sani, sai dai a ga tukunyar ɗumama tana ta shan ruwa, ko a haska na'urar gano zafi a ga zafin wani wuri ya bambanta da na sauran a tsakiyar falo. Gyaransa kuwa sai an fasa daɓe, ko a yi watsi da shi gaba ɗaya a kafa sabon tsari. Rufin kuma ai kin san soro, indararo ɗaya ya toshe ruwa ya kwanta an shiga uku, to haka wannan yake sai dai shi har da ƙanƙara da ganyen bishiyar kaka, kuma tunda babu sarari tsakanin silin da rufi ruwan yana cin katako a ɓoye ya daɗe kafin tabo ya fito. Gilasan asali falle ɗaya ne, kuɗin man ɗumama kawai sai ya sa ki kuka a watan Janairu, canza su kuma ba a kanti ake saye ba sai an yanko daidai girman kowanne. Sannan tayil ɗin ƙasa ƙanana masu inci 9, yawanci akwai asbestos, wani sinadari da ƙurarsa ke lalata huhu, a ciki ko a gam ɗin da aka manna su, in an bar su ba a taɓa ba babu laifi, ranar da maigida ya ɗauko guduma zai yi gyara da kansa ran Asabar ita ce ranar da za a shaƙi bala'i.

Kolonial ɗin da kika ce an gyara fes shi ya fi ba ni tsoro ma. Akwai masu sayen tsohon gida su shafa farin fenti, su sa sabon kicin da fitilu masu kyau su juyar da shi cikin 'yan watanni, abin da ido ke gani kaɗai suke taɓawa. Na taɓa hawa saman silin na wani irin wannan, ƙasa soket sababbi ƙal, ina ɗaga audugar tare sanyi sai ga tsohon wayarin ɗin nan mai wayoyi biyu a rabe da ake ɗaurawa a kan 'yan ƙwallayen tangaran, rigar wayar ta bushe tana marmashewa a yatsa, kuma da wuta a jikinta, an jona sabo da tsoho an naɗe da salatif an rufe. Wasu kamfanonin inshora ko sauraronki ba za su yi ba in suka ji akwai shi. Ga fenti mai dalma, wanda sai 1978 aka hana amfani da shi a gidaje a Amurka, ke ma'aikaciyar jinya ce ba sai na gaya miki abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba. Dokar tarayya ta ba mai saye kwana 10 ya bincika wannan a duk gidan da aka gina kafin 1978, amma akwai ɗan akwati a takardar da in kika sa alama kin yafe, mutanenmu kuma sa hannu kawai suke yi duk inda aka nuna musu.

Abin da ya fi cinye dukiyar mutane a wannan yanki kuwa yana ƙarƙashin ciyawa. Tsofaffin gidajen nan da mai ake ɗumama su, kuma a da binne tankin man ake yi a tsakar gida. Wani an koma gas ko an sa sabon tanki a ɗakin ƙasa, tsohon an bar shi a can yana tsatsa. In ya huje man ya bi ƙasa, nauyin kwashe ƙasar da ta gurɓata yana faɗowa kan mai gidan na yanzu, wato ku, aiki ne da ke iya cin dubban daloli masu yawa, in ya kai rijiyar maƙwabci kuma sai an haɗa da lauyoyi, inshorar gida ta yau da kullum kuma galibi ta cire hannunta daga irin wannan. Ki zagaya jikin bango ki duba ko akwai wani bututu da ya leƙo daga ƙasa mai 'yar hula a kai, ko siraran bututun tagulla biyu da aka yanke aka lanƙwashe a bangon ɗakin ƙasa, amma ko ba ki gani ba a kira masu na'urar gano ƙarfe su share filin. In an ce an cire, a kawo takardar cirewa da sakamakon gwajin ƙasa, kar ki yarda da "tsohon mai gidan ya ce". Haka in gidan yana wajen tsakiyar gari, inda filaye ke kai eka 2 zuwa 4, to akwai yiwuwar sokawe da rijiyar burtsatse ne ba na gwamnati ba, dole a buɗe sokawen a gwada shi, a kai ruwan ɗakin gwaji har da sinadarai masu guba irin su arsenik da yuraniyom don ana samunsu a rijiyoyin Connecticut, a kuma ajiye na'urar auna iskar radon, wata iska mai cutarwa da ke fitowa daga ƙasa ta taru a cikin gida, aƙalla awa 48 tagogi a rufe, hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce in ya kai maki 4 a ɗau mataki.

Za a ce miki ai mai sayarwa ya cike fom ɗin bayyana halin gida. Fom ɗin abin da ya sani kawai yake tambayarsa, yana iya bin layi yana zaɓar "ban sani ba" har ƙasa, kuma a Connecticut in ya ƙi bayarwa gaba ɗaya dala 500 zai rage muku ranar rufe ciniki. Dala 500 a gidan da kuɗinsa ya haura miliyan. Wa zai ƙi?

Abin da ke ƙona min rai shine masu ba da irin wannan shawara ba su da lasisin komai, wani gida ɗaya ya taɓa saya ya dace, wani kuma akwai ɗan kason da dillali ke ba shi a bayan fage in ciniki ya faɗa, shi ya sa yake ta azalzala. In rufi ya fara zuba zai ce ƙaddara ce. Mu ji tsoron Allah jama'a, wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi, in ba ka sani ba faɗin ban sani ba bai taɓa rage wa kowa girma ba, amma ka tura iyali da ƙananan yara su zuba gumin shekara da shekaru a rami don kawai a ce kai ne masani a majalisa. Mu ma masu saye da namu laifin, kunya ta yi mana yawa, ana ganin in an tsananta bincike kamar an zargi mutum, alhali Baturen da ke sayar miki da gidan shi kansa bai sayi nasa ba sai da ya sa aka leƙa ko'ina.

Na san gasar gaskiya ce, ba ina cewa ku zauna ana ta ƙwace muku gidaje ba. Akwai hanyar ƙarfafa tayi ba tare da kun rufe ido ba. Ku nemi izini ku shiga da insifekta, wato mai binciken lafiyar gida, tun kafin ku miƙa tayi, ko ku rage kwanakin binciken zuwa kaɗan, ko ku rubuta cewa ba za ku nemi ragi kan ƙananan gyare-gyare ba sai abin da ya haura wani adadi da ku da lauyanku kuka tsayar, amma tanki da sokawe da rufi da wuta kar a taɓa sharaɗinsu. Insifektan ku nemo shi da kanku, ku duba lasisinsa a shafin ma'aikatar kare masu saye ta jihar, ku tambaye shi ƙarara ko ya saba da rufi shimfiɗaɗɗe da ɗumamar cikin daɓe, don ba kowa ba ne. Lauyan ma naku daban, a Connecticut dama sai da lauya ake rufe ciniki.

Sai ki ɗauki rana guda ki je ofishin gine-gine na garin ki ce a ba ki fayil ɗin gidajen biyu. Za su ɓata miki lokaci, wani fayil ɗin yana ofishin lafiya, na tanki kuma sau da yawa sai kin je wajen jami'in kashe gobara, kowa ya tura ki wajen wani, ki daure. Abin da kike nema shine ko sabon kicin ɗin nan da banɗakin da aka ƙara an yi su da izini kuma an rufe izinin, wato hukuma ta zo ta duba aikin ta amince da shi, don in ba a rufe ba ku za ku gaji rigimar. Daga nan ki leƙa ofishin haraji, a jihar kashi 70 cikin 100 na darajar gida ake ɗora wa haraji kuma duk shekara 5 ake sake ƙiyasi, ki tambayi yaushe ne na gaba kafin ku gama lissafin abin da za ku riƙa biya duk wata. In rahotannin sun fito ki turo min na gidajen biyu mu duba tare, a lokacin ne zan iya ce miki ga wanda za ku ɗauka.