Ku Tambayi Likita: Kwana nawa korona ke ɓuya a jiki kafin ta nuna kanta?

Assalamu alaikum Likita. Maigidana ya dawo daga Abuja ranar Juma'a, ranar Lahadi ya tashi da zazzaɓi da tari, gwaji ya nuna korona ce. A gidan akwai surukata mai shekara 72, tana da ciwon suga, ga kuma yara uku. Yau kwana huɗu kowa garau. Mun tsallake ke nan?
Daga wata uwargida, Angwan Rogo, Jos

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Tukuna dai, kada a saki jiki. Ƙwayar korona idan ta shiga hanci da maƙogwaro tana fara hayayyafa ne shiru, kamar wuta a ƙaiƙayi, tana ci ta ƙasa ba a ga hayaƙi ba. Zazzaɓi da ciwon jiki da kike jira ki gani, yawanci alama ce ta garkuwar jiki ta farga ta fara faɗa. Don haka tsawon kwanakin ɓuyan ya danganta da abu biyu: saurin hayayyafar ƙwayar, da saurin farkawar jikin da ta shiga.

Nau'in farko, wanda ya iso Najeriya a Fabrairun 2020, yakan ɗauki kwana 5 zuwa 6 a yawancin mutane, kuma kusan duk wanda zai nuna alama yakan nuna kafin kwana 12. Daga nan aka samo killacewar kwana 14 da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta riƙa sa mutane a lokacin. Nau'o'in da suka biyo baya sun fi gaggawa. Wani babban nazari da aka wallafa a 2022, wanda ya tattara bincike 142, ya sami kwana 5 ga nau'in Alfa, kusan huɗu da rabi ga Delta, sannan kusan uku da rabi ga Omikron, wanda ya ɓulla a ƙarshen 2021 kuma jikokinsa ne ke yawo har yanzu. To amma wannan matsakaici ne. Wani kwana biyu, wani mako guda.

Inda muke so ki fi natsuwa shi ne nan. Nazarin ya nuna cewa, idan aka haɗa duk nau'o'in, waɗanda suka haura shekara 60 sukan kai kwana bakwai da 'yan kai kafin a ga alama, yara 'yan ƙasa da 18 kuwa kusan kwana tara, alhali matsakaicin kowa da kowa kwana shida da rabi ne. Tsoho garkuwar jikinsa ba ta saurin tashi, shi ya sa zazzaɓin kan makara, wani lokaci ma ba ya zuwa sam. A wurin surukarki, Hajiya Babba, abin da za ki fara gani zai iya zama ta ture kwanon tuwo ba ta ci rabi ba, ko barci ya yi mata yawa da rana, ko ta rikice a lissafin raka'a, ko sugan da ke zaune lafiya ya hau ba dalili. Kada a ce tsufa ne. Yaro kuma ba ya iya cewa maƙogwarona na kaikayi ko na daina jin ƙamshi. 'Yar majina ce da ƙyuya, a Jos kuwa da sanyin hunturu wa zai kula da majinar yaro? Saboda haka wani ɓangare na tsawon kwanakin yara jinkirin ganewa ne daga wajen manya, ƙwayar tana nan tana aikinta, yaron kuma yana iya kai wa kakarsa.

Ga yadda za ki ƙirga. Mai korona yakan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai, wato tun ranar Juma'ar da maigida ya shigo kuna shaƙarta. Ranar ƙarshe da kuka zauna kusa da shi ba takunkumi ita ce ranar sifiri, washegari rana ta ɗaya. Idan har yanzu ɗaki ɗaya ake kwana, ana cin abinci tare, to ƙirgen bai ma fara ba. A ware masa ɗaki mai taga a buɗe, mutum ɗaya ke shiga masa da takunkumi. A yi wa mutanen gida gwaji a rana ta biyar, ko nan take idan wani ya nuna alama. A sa ido har kwana goma, ga tsohuwa a kai sha huɗu. Yara su gaishe ta daga bakin ƙofa, a daina hawa cinyarta na ɗan lokacin nan. In kuna iya sayen 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa mai auna iskar jini, a auna ta safe da yamma, a ɗumama yatsan tukuna don sanyi da jan farce na sa ta ba da lamba ƙasa da gaskiya. Idan ta sauka ƙasa da 94 a nemi likita ranar. 90 ko ƙasa, ko numfashi sama-sama, a wuce asibiti ko da tsakar dare ne.

Likita, na zauna mota ɗaya da wani daga Mararraba zuwa Jos, washegari aka ce yana da korona. Na je na yi gwaji ranar, ba a ga komai ba. Shi ke nan?
Daga wani ɗan kasuwa, Dilimi

Alhaji, gwajin ya yi wuri. Kwana ɗaya bayan haɗuwa ƙwayar ba ta taru a hanci yadda tsinken audugar zai kwaso ta ba, musamman a gwajin nan na minti goma sha biyar, wanda sai ƙwayar ta yi yawa yake kamawa. Ka maimaita a rana ta biyar. In gwajin gaggawa ne kuma bai nuna ba, ka ƙara wani bayan awa 48. Kafin nan ka sa takunkumi a shago da masallaci, ka ɗan jinkirta zuwa gaida tsofaffi.

Ina da cikin wata bakwai. Mai ciki ta fi saurin nuna alama?
Daga wata mai karatu, Bukuru

Malama, ki yi ƙirge irin na sauran manya. Bambancin mai ciki yana wajen tsananin ciwon ne: a watannin ƙarshe ciki ya tokare huhu, korona na iya wahalar da numfashi, tana kuma ƙara haɗarin haihuwa kafin lokaci. Haki da kasala da kika saba ɗauka na ciki ne, idan suka ƙaru kwatsam bayan kin yi mu'amala da mai cutar, ki faɗa wa masu awo ranar, kada ki jira ranar awonki. Haka muke gaya wa masu ciwon ƙoda, masu hawan jini da masu cutar da ke karya garkuwar jiki.

Mahaifina ya dawo Umara kwana takwas da suka wuce, yanzu yana tari da zazzaɓi mai zafi. An ce ai korona ba ta wuce kwana uku yanzu.
Daga wani matashi, Gangare

Ɗan'uwa, ka kai Baba asibiti yau, kuma ka faɗi da bakinka cewa daga Saudiyya ya dawo. Kwana takwas bai fitar da korona daga lissafi ba, balle ga dattijo. Sannan akwai wata 'yar uwarta da ake kira MERS, wadda aka gano a Saudiyya a 2012, ana ɗaukarta daga raƙuma ko a asibiti kusa da mai ita. Ita takan ɓuya kwana 2 zuwa 14, yawanci wajen biyar, ba ta yaɗuwa da sauƙi amma ta fi kisa nesa ba kusa ba, kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu. Likita zai tambaya ko ya je garken raƙuma, ko ya sha ɗanyen nonon taguwa, ko an kwantar da shi a can.

A kuma yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, don shi ma yakan fito daga kwana bakwai zuwa sama bayan cizo. Idan an sha maganin maleriya kwana biyu zuwa uku zazzaɓi bai sauka ba, a jihar Filato dole a tuna da zazzaɓin Lassa, wanda ke iya ɓuya har kwana 21 kuma ya fi yawa a rani. Ku rubuta ranar da ya sauka, ranar da ya fara jin jiki, da magungunan da ya riga ya sha, ku miƙa wa likita. Layin NCDC na kyauta shi ne 6232.