Tambayi Masu Fenti: Ruwan Gwal da Ruwan Azurfa a Kayan Ɗaki

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi wa 'yata gado da sif da madubi masu zanen ruwan gwal. Ko wata takwas ba a yi da biki ba, gwal ɗin ya dushe, lungunan sassaƙar har sun yi kore. Cutata aka yi ko kuwa haka yake? Zai gyaru? (Uwar amarya, Ƙofar Marusa, Katsina)

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Zai gyaru, amma bari mu fara da abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: babu gwal ko ƙwaya a fentin gwal. Yawancinsa garin tagulla ne, wato jan ƙarfe da tutiya aka haɗa aka niƙe. Yadda munduwar tagulla ke baƙi idan ta kwana biyu a ajiye, haka wannan garin ke yi. Raɓar damina, musamman ta Agusta, da gumin hannu da ruwan sabulun wanki duk suna cin sa, hayaƙin turaren wuta kuma ya zo ya like a kai. Laifin mai aikin shi ne barin gwal ɗin tsirara, bai rufe shi ba.

Ga yadda za a yi. A goge wurin da tsumma mai ɗan laima da ɗigon sabulu, a bari ya bushe sarai. A bi shi da samfefa mai lamba 320, a hankali, har koren ya fita, tsohon buroshin haƙori kuma ya fitar da ƙurar lungu. Sai a shafa fenti ja mai duhu ko ruwan ƙasa a matsayin shimfiɗa, ya kwana. Wannan jan shi ke ba gwal ɗumi. A kan fari tas gwal kan fito kamar ruwan rawaya mai rahusa.

Idan garin tagulla za a sake sawa, a dama cokali ɗaya cikin cokali 3 zuwa 4 na banish, wato man da ake shafa wa katako ya yi sheƙi, kuma a dama daidai na aikin ranar. Wanda ya kwana a gwangwani yakan fara kore tun kafin ya hau katako. A shafa sau biyu siriri da buroshi mai laushi, bayan awa 24 a rufe da banish marar launi. Mu dai da za a bi ta tamu, a nemi fentin gwal na ruwa wanda aka yi da garin maika, wani dutse mai ƙyalli. Bai kai tagulla walƙiya ba ranar jere, amma ba ya tsatsa, kuma ɗakin amarya ba ya rabo da turare. A gaya wa amarya ta riƙa goge shi da busasshen ƙyalle kawai.

Tambaya: Ni kafinta ne. In na fesa ruwan azurfa a ƙofar sif sai ya fito layi-layi, wani wuri haske wani duhu, wani lokacin kuma da kaushi kamar an watsa yashi. (Kafinta daga Daura)

Amsa: Malam, fentin azurfa ɓarɓashin alminiyon ne masu faɗi, ƙanana ƙwarai. Idan suka kwanta daidai sai su haska, idan suka tsaya a karkace sai wurin ya yi duhu. Layin da kake gani daga hannunka yake. Riƙe bindigar feshi ko gwangwani santimita 20 zuwa 25 daga katako, ka fara fesawa tun kafin ka kai bakin ƙofar, ka saki bayan ka wuce, kowane layi ya hau rabin na bayansa. Kada ka lanƙwasa wuyan hannu, kafaɗa ce ke tafiya. Shafi uku sirara, minti 10 zuwa 15 tsakani, sun fi ɗaya mai kauri da zai yi hawaye. Gwangwani a girgiza shi minti biyu cur, kana aiki kana ƙara girgizawa, don ƙarfen na kwanciya a ƙasa.

Kaushin kuwa zafi ne ko ƙura. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fentin na bushewa a iska kafin ya isa katako. Ka yi feshi da sassafe a inuwa. Da hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasan shago, ka rataya leda a ƙofa.

Wani abu da ba ka tambaya ba: katakon MDF, wato allon garin katako da aka matse, gefensa na shan fenti kamar soso. Ka ba shi sila, wato ruwan da ke toshe ƙofofin katako, sau biyu, ka goge da samfefa mai lamba 220 sannan 400, ka yi shimfiɗa da toka-toka ko baƙi. Azurfa ba ta rufa asiri, duk ramin ƙusar da ba a cike da foti ba, wato ƙullun cike ramuka, sai ta nuna shi. Kuma kada ka fesa fentin tina, wato wanda ake tsinka shi da sinadarin tina, a kan tsohon fentin mai, zai tattare kamar fatar tsoho. Takunkumin hanci mai tace sinadari ka sa, na ƙyalle ba ya tare warin tina.

Tambaya: An gama mani fi-o-fi, wato silin farin filasta, a falo shekaranjiya. Zan iya sa a zana gwal a gefen silin wannan makon? (Magidanci, Ƙofar Kaura)

Amsa: A'a Alhaji, a dakata. Ba shi aƙalla mako guda da rani, biyu da damina, har ya daina sanyi a tafin hannu. Sabon filastan siminti kuwa mako huɗu yake so, domin kaifinsa na ƙona garin tagulla. A fara da fentin shimfiɗa, a manna salatif na takarda a gefen layin, a cire shi tun fentin na da ɗan danshi don kada ya ɓalle da shi. Layi ɗaya ko biyu sirara sun isa. Silin da aka cika da gwal yakan zama kamar ya sauko ƙasa in an kunna fitila.